Awarar Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku na dare a Kanazawa,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin layi,
fitila ɗaya ce ke ci a unguwarmu,
ta shagon babana, Tsuneo mai awara.
Shekara saba'in da tara, bai san fashi ba.

Na taso daga Nagoya da jakar takardu:
lissafin banki, fansho, hayar benen baya.
Na baje su kan teburin yankan awara,
na ce, "Baba, duba da idonka.
Ko ka kai ɗari da goma, kuɗin nan
ba za su ƙare ba."

Ya duba. Ya gyaɗa kai.
Ya ture su gefe don kada su jiƙe,
ya ce in miƙo masa ƙyallen tata.

Waken suya ya kwana a ruwa, ya kumbura,
injin niƙa na tarin tsufa,
tururi ya rufe masa tabarau.
Hannayensa sun yi jawur a ruwan sanyi,
yatsun sun karkace kamar ɗanyar citta,
amma ba su taɓa zarce awo ba.

Na ce, "Gwiwarka fa?" Ya ce, "Tana nan."
Na ce, "Likita ya ce ka huta."
Ya ce, "Shi ya huta? Ai ya girme ni."
A raina na ce, sabo turken wawa.

Kamar ya ji. Bai ɗago kai ba:
"Chizuru, kin tuna Genzo na tashar jirgi?
Ran da ya ajiye aiki an yi masa tafi,
an ba shi furanni da agogon hannu.
Jiya na je, yana gaban talabijin,
sau uku yana tambayata yau wace rana.
Agogon na tafiya.
Shi ne ya tsaya.

"Ƙarfe shida tsohuwa Umeko za ta leƙo,
rabin yanka take saye, ba ta wuce haka.
Za ta ce sanyi, in ce sanyi,
ta ce jikanta bai kira ba.
Iyakar maganarta ke nan har gobe.
Bara, ran da ba ta zo ba,
ni na bar tukunya na buga ƙofarta,
na same ta kwance a ƙasan matakala.
A wace takardarki aka rubuta wannan?"

Ban amsa ba. Ina kallon ƙusa
inda rigar aikin mamata ke rataye,
shuɗiya, ta koɗe a wajen aljihu.
Ƙarƙashinta siminti ya yi ɗan kwari,
gurbin ƙafar Fumie na shekara arba'in.
Nan ya kewaye, da bokiti a hannu,
bai taka ba. Bai taɓa takawa ba.

"A gida," ya ce, "na san ta tafi.
A nan kuwa, kamar ta fita kai saƙo."

Madarar ta kama, ta daskare a hankali.
Ya yanko gefe, mai ɗumi, mai rawa,
ya ɗora min a tafin hannu
kamar ran da nake 'yar shekara biyar.

Har yanzu ban yarda ba, in faɗi gaskiya.
Ina tsoron wayar da za ta zo da asuba,
ina tsoron santsin bakin ƙofa.
Amma teburin nan ya daɗe yana gurgunta,
sai na ninka takardar banki gida huɗu,
na cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

Ya girgiza shi, ya ji ya zauna daram.
"Kin ga," ya ce, "sun yi amfani."

A waje, wani na kakkaɓe takalmi.
Shida saura biyar.
Ya riga ya yanka rabin.