Darasin Daren Laraba

Ƙarfe tara a Nyanya, an ɗauke wuta,
na jingina waya da kwalbar man gyaɗa.
Malama daga cikin gilashi tana cewa
kada fayil ya kwana uku a tebur.
Sai hoton ya daskare, bakinta a buɗe.
Data ta ƙare.

Ni kuwa wata bakwai ke nan
fayil ɗin fanshon Malam Sabitu
yana ƙarƙashin kofin shayina,
har ya yi zobe.
Digiri na biyu nake nema a sha'anin mulki,
saura zango ɗaya.

Da safe ban jira masinja ba.
Lif ya lalace.
Na rungumi Malam Sabitu a ƙirji,
muka kama matakala zuwa hawa na shida,
ina haki, yana shiru.