Suna Sha Tara

Talata da hantsi na baro Baure,
jakar takardu ɗaure a bayan babur,
hula sabuwa, biro biyu a aljihu.
Wata uku ke nan da zaɓe,
ni ne sakataren malamai na reshenmu.
Ina tafe ina gwada muryar
da zan yi wa jami'in albashi tsawa.

Zauren na Daura, fanka ɗaya ke juyi,
biyu sun daɗe da yin ritaya.
Mu arba'in da 'yan kai,
na Zango, na Sandamu, na Mai'aduwa,
kowa da ƙorafinsa a ninke kamar laya,
kowa kunnensa na wajen mai rabon alawus.

Na ɗauka yajin aiki za a koya mana,
da buga tebur, da rubuta wa'adi.
Sai ga Malama Lantana Dikko,
shekara talatin da biyar alli na cin yatsunta,
ba lasifika, ba jaka.
Ta ce, "Ku rufe rajista.
Kowa ya rubuto mini sunayen mutanensa,
da ka, ban da leƙe,
da makarantar da kowannensu yake koyarwa."

Muka yi dariya. Ai wannan aikin ɗan aji biyu ne.
Na fara da hedimastoci, suka zo a guje,
sai abokan shan shayi,
sai waɗanda suka yi mini kamfe,
sai wani da nake bi bashi.
A kan sha tara biro ya toge
kamar jaki ya hango ruwa.
Mutum ɗari da talatin da shida
ake yankar wa kuɗin ƙungiya duk wata.
Na san jimillar har kwabo,
masu gumin ne ban sani ba.

Ta tsaya a kaina, tana ƙamshin man zafi.
"Wa ke riƙe da makarantar bakin iyaka,
mai aji uku, wadda iska ta yaye rufin guda?"
Na ce, "Wani dogo ne, mai keke."
Ta ce, "Abashe Tukur. Ni na koyar da shi.
Da azumi ya rasu.
Sau biyu matarsa na zuwa ofishinku
da takardun haƙƙinsa cikin ledar burodi,
tana tarar da kwaɗo a ƙofa."
Ba ta ɗaga murya ba.
Da ma ta ɗaga.

Sauran kwanakin an yi abin da ya tara mu:
yadda ake rubuta bayanin taro,
yadda ake shiga gaban hukuma da alƙaluma
a bar kumfar baki a waje,
kada ma'aji ya ɗinke aljihunsa da na jama'a,
a bar mai adawa ya kai aya kafin a tanka.
Na rubuta duka, har da ja-layi.
Amma takardar nan mai suna sha tara
tana aljihun gaba, tana ci a hankali
kamar garwashi a tsumma.

Alhamis aka raba takardar shaida,
aka jera mu a rana aka ɗauki hoto,
aka ba kowa kuɗin mai.
Musbahu na Zango ya ce mu tsaya mu dama fura,
na ce sai wani jiƙon.

Na iso kwanar gidanmu, ban karya ba.
Na bi burtali, yashi na riƙe taya,
gero ya fara fitar da kai dama da hagu,
ina tambayar yara masu kiwo
ko ina ne gidan Malam Abashe.
Wani ƙarami ya ce, "Malaminmu?"
ya bar awakinsa ya shige gaba da gudu.

Ban san me zan ce mata ba.
Ko sunanta ban sani ba.
Biro dai yana nan,
kuma takardar da sauran fili
daga lamba ta ashirin zuwa ƙasa.