Sanda Tara

Mu a tsibirinmu, gefen Pemba,
teku ke faɗa mana lokaci.
In ya ja baya, mu bi shi da kwando,
in ya juyo, mu ba shi hanya.

Tsakaninmu da shi akwai mikoko,
itacen da ke tsaye kan yatsunsa cikin laka
kamar mai gudun jiƙa zane.
Gishiri yake sha, bai taɓa yamutsa fuska ba.
A ƙarƙashinsa ƙaguwa ke haƙa ɗaki,
kifi ke renon 'ya'yansa kafin su san zurfi.
A samansa Faki ya rataye amya goma sha ɗaya,
zumarsu da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe.

Babanmu ya sare shi, Allah ya jiƙansa.
Ya sayar wa masu jirgi sanduna,
ya ƙona saura ya yi gawayi,
da kuɗin aka saya mini takalmin farko.
Ba na zaginsa. Na ci, na ƙoshi.
Sai shekarar da teku ya shigo maƙabarta
ya yaye ƙasa a kan kakarmu
har muka ga bakin likkafani.

Ranar gari ya zauna a gindin mangwaro.
Aka ce gabas a rufe, shekara biyar.
Yamma a sara, amma da izini:
sanda ashirin ga mai gini,
busasshen reshe ga mai girki.
Aka miƙo mini littafi da fitila,
wai na iya ƙirga, kuma ba na kallon fuska.

Daren Talata, ruwa ya ja,
na ji shi.
Saran gatari ba ya ɓuya a kan ruwa.
Na bi, laka har gwiwa, sauro na yi mini rakiya.
Na haska.
Shaame.
Wanda na goya, wanda na koya wa iyo.
Sanda tara a kwale-kwale, gumi har gira.

Ya ce, "Mwanakombo, iska ta ɗauke rufin.
Yara na kwana ruwa na zuba a kansu.
Izini sai Juma'a,
hadari bai san Juma'a ba.
Kashe fitilar."

Na kashe.
Muka tsaya cikin duhu, ƙaguwa na bin ƙafafunmu.
Numfashinsa irin na babanmu ne sak.
Na daɗe.
Sannan na kunna, na buɗe littafin.
Alƙalamin ya fi gatarinsa nauyi.
Sanda tara, na rubuta. Tara ta hau.

Da safe Bi Time ta yanke, tana ɓarar kanumfari:
kowace sanda, dashe hamsin.
Sandunan kuwa a kai masa yanzu,
a rufe ɗakin kafin la'asar.
Ta ce, "Ba yaran suka sara ba."

Wata guda bai gaishe ni ba.
Duk da haka in ruwa ya ja, ina bayansa,
irin mikoko cike da zanena,
dogaye, kore, masu tsini kamar kibiya.
Taku biyu, a soka. Taku biyu, a soka.
Bai ce zo ba, bai ce tafi ba.
Teku ya kwashe wasu,
awaki sun tsallaka sun cinye wasu.
Ɗari uku da bakwai suka kama,
na ƙirga su sau biyu.

Yanzu sun kai mini cinya,
ƙananan kifi sun fara kewaya su.
Jiya da asuba na tarar a ƙofa
ƙaguwa biyu, manya, an ɗaure musu hannu da zaren kwakwa.
Ba sallama, sai sawun ƙafa mai laka,
na hagu ya karkace, kamar yadda na san shi.

Na dafa su da madarar kwakwa da barkono.
Littafin na nan ƙarƙashin matashina.
Sunansa na ciki, ban goge ba.