Ƙwai Goma Sha Biyu

A garejin Bizo, bayan tashar Tawa,
inda baƙin mai ya cinye launin ƙasa,
ya danna bayan motata da hannu biyu, ya saki.
Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, ta kuma,
kamar raƙumin da bai gama shawarar durƙusawa ba.
Ya ce, "Asumana, ƙafafunta sun mutu tun bara,
kai ne dai ba ka je gaisuwa ba."

Ya shimfiɗa buhu, ya jera mini iri biyu.
Mutanen Konni su ce shokazoba, shi amortisa ya sani.
Ga na gas, ja, mai taurin kai:
ka sha kwanar Keita da albasa buhu ashirin,
ba za ta kwanta maka ba.
Ga na mai, baƙi, mai sanyin hali,
yana haɗiye rami yadda dattijo ke haɗiye magana.
Jika sittin wancan, wannan arba'in da biyar.

Ni ja nake so.
Ban manta daren da na kauce wa jaki a gangaren Tamaske ba,
mota ta karkata, sitiyari ya zama ruwa a hannuna,
na karanto addu'ar da ban san na haddace ba.
Tun ranar nake neman mota mai jin magana,
in ce dama, ta yi dama, ba sai ta yi tunani ba.

Amma akwai Inna Cima.
Larabar farkon kowane wata nakan kai ta Galmi
a duba bayan da turmi da tulu suka raba tsakaninsu.
Ba ta taɓa cewa wayyo ba.
Sai dai in mun hau gargada in hango ta a madubi,
ta riƙe bakin kujera, ta ciji gefen mayafi,
tana ƙirga ramuka da ido a rufe.

Bizo bai zaɓa mini ba.
Ya aiki yaronsa Jadi ya sayo ƙwai goma sha biyu,
"Na kaza," in ji shi, "ƙwan zabo ba ya faɗin gaskiya."
Aka zuba a tasa, ba ƙaiƙayi, ba tsumma,
aka ajiye su a mazaunin Inna.

Da ja huɗu muka fita hanyar laterit.
Mota ta miƙe sak kamar mashi,
haƙorana suna gaisawa da juna.
Muka dawo, huɗu sun fashe.
Da baƙi huɗu, ko ɗaya bai tsage ba,
sai da na juya a shatale
tasa ta zame, ta bi ƙofa, ni ma zuciyata ta bi ta.

La'asar ta yi. Ya wanke hannu da kananzir, ya yi salla,
ya dawo ya kwanta ƙarƙashinta ya daɗe.
"Ja a gaba, inda hannunka yake.
Baƙi a baya, inda uwarka take.
Wannan fallen resor da mai ita na da ya ƙara don kwaɗayi,
zan zare shi. Iskar taya ma ka rage mata girman kai.
Amma buhu ashirin ya ƙare, Asumana. Sha huɗu."

Na yi lissafin buhu shida sau kasuwa nawa a shekara.
Lissafin bai yi daɗi ba.
Na ce zare.

A fita ta uku ƙwai ɗaya ya tsage.
Jadi ya ce zakkar hanya ce, ya soya abinsa.

Ran Laraba, kafin Badagishiri,
na duba madubi: mayafi ya sauka daga bakinta,
kanta ya jingina da gilas, tana barci.
Ban kunna rediyo ba.
Wata babbar mota ta matsa mini, na ba ta hanya.

A ƙofar asibiti ta farka, ta gyara ɗankwali,
ta ce, "Ashe sun gyara hanyar nan?"
Na ce, "I, Inna. Shekaranjiya."