Wa Zai Ba Wa Hanya?

Hansatu ta shimfiɗa takarda a kan tabarmata,
ta danne gefe da kofin shayi, gefe da rediyona,
ta ce, "Kaka, ga aikin da zan kai wa malaminmu:
jirgi uku ne, amma layi ɗaya."

Na sa tabarau. Ga Jos, ga Bukuru, ga Kuru,
ga wani zare da ta ja a sama da jan biro,
turke bayan turke, kamar igiyar shanya ba tufafi.
"Wannan fa?" Ta ce, "Lantarki ke nan.
Ba gawayi, ba baƙin mai, ba hayaƙi,
jirgin zai miƙa hannu ya sha daga waya."

Na yi dariya har haƙorina na ƙarshe ya motsa.
Shekara talatin da ɗaya ina juya layi,
sanyin asubar Kuru ya cinye mini gwiwa,
tafina ya yi kanta a kan ƙarfen Reluwe,
yau ga jikata da jirgi mai sha ta ƙeya.

Na farko, in ji ta, mai dogon zango ne,
ba ya ko gaida ƙananan tashoshi,
na masu jaka, masu alƙawari da likita a nesa.
Na biyu na 'yan sammako ne:
malamar firamare, mai gyaran agogo a Taminus,
mata masu kabeji da karas daga lambu,
bai gama ɗaukar numfashi ba sai ya tsaya.
Na uku siminti, dankali, buhunan acca,
shi dai a hankali yake tafiya.

Na ce, "To, in suka haɗu a Bukuru da ƙarfe bakwai,
wa zai ba wa hanya?"

Ta ce na'ura ce za ta raba musu lokaci.
Na ce na'ura ba ta san Dalyop ba.

Dalyop direban jirgin kaya ne, dogo, mai tsaga a goshi.
Ni ke tura shi layin gefe da hannuna
don mai fasinja ya wuce da fitilunsa.
Yakan sauko, mu gasa masara a bakin dogo,
awa biyu, awa huɗu, bai taɓa zagina ba.
Sai ranar da ya ɗauko tumatir.
Mai sauri ya makara tun daga Kafanchan,
rana ta take, kwanduna suka fara zubar da jan ruwa,
mai tumatirin ta zauna a kan tsakuwa, ba ta yi kuka ba,
ƙirga kwandunan kawai take, tana sakewa.
Ran nan na gane akwai mutum a bayan kowane kaya.

Hansatu ta ciji biro.
"Ai na kaya da dare zai bi, Kaka."
"In wutar ta ɗauke da daren fa?"
Ta harare ni irin hararar kakarta,
ta ce tasu wutar daban ce, ba irin ta unguwarmu ba.
Na ce Allah ya sa. Ban ce ƙarya ba ne,
ban kuma ce gaskiya.

Ta ɗauki magogi, ta goge kusa da Kuru,
ta ja wani ɗan layi, ya rabu, ya koma,
kamar yaron da aka aika ya dawo.
"Minti tara," ta ce, "ba awa huɗu ba.
Ko na kaya ba zai wuce tara yana jira ba."
A ƙasa ta rubuta Dalyop da ƙaramin rubutu,
ta tambaye ni ko haka ake rubuta shi.
Ban sani ba. Kiransa kawai na iya.

Ta naɗe takardar ta tafi kama mota.
A bayan gida dogon yana nan cikin ciyawa,
awaki a kai, wata ta shanya barkono a tsakani.
Na daɗe tsaye ina duban sama,
inda ta ce za a ɗaura waya.