Ranar Wanka

Talata ta zo, da ruwan sama a kafaɗarta,
ruwan nan na Dundee da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa,
sai yayyafi kamar mai gunaguni.
Ta nuna kati a ƙofa: Ailsa Renwick, mai duba gidajen raino.
Na ce ta shigo, ga Hamish a kwankwasona
yana tauna wuyan rigata, haƙori na fito masa.

Daren jiya ban runtsa ba.
Na jera takardu kamar mai shari'a gobe,
inshora, sa hannun iyaye,
da littafin da nake rubuta kowane tuntuɓe, kowace ƙujewar gwiwa.
Har ƙarƙashin firji na goge, inda ko gizo-gizo ba ya leƙawa.

Amma ina ruwan yaro da bincike?
Tobiasz ya ɗaga kwanon kununsa
ya kife shi a kan fayil na uku,
ya dube mu, ya tafa wa kansa.

Ta zauna a kujerar yara, gwiwa kusa da haɓa,
biro yana ta kai-komo.
Ina kike ajiye magani? Can sama, a kulle.
In gobara ta tashi fa? Ƙofar baya,
jariri a ƙirji, biyu riƙe da siket ɗina.
To, yaya kike auna ci gaban kowane...

Ban ji ƙarshen tambayar ba.
Wani shiru ne ya taso daga bayan labule,
irin shirun da ya fi ihu ƙara a kunnen mai raino.
Nuala ce.
Tun da babanta ya koma haƙar mai a tsakiyar teku
can take shigewa, rungume da silifansa ƙafa ɗaya.

Na bar amsa a rataye kamar wanki,
na juya wa hukuma baya,
na durƙusa.
Ban ce ta fito ba.
Hannu na tura ta ƙarƙashin labule, na bar shi a wurin.
Can sai na ji ƙananan yatsu masu sanyi.
Muka ƙirga kwanaki, nata a kan nawa:
saura tara.
Takwas, in an yi barci.

Zuciyata tana cewa, shi ke nan, Morag, kin zubar.
Shekara goma sha ɗaya kina goge hancin 'ya'yan unguwa,
yau ga biro zai auna ki da tsinken hannunsa.
Na waiga.
Biron yana kwance a kan gwiwarta,
Hamish ya rarrafa ya kama igiyar takalminta,
ita kuwa ta ƙi motsa ƙafar.

Kada ku ce an yafe mini.
Ta buɗe akwatin agajin gaggawa,
ta zaro bandeji ɗaya, ta karanto kwanan wata:
ya ƙare tun Afrilu.
Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.
Ta rubuta. Kunya ta hau mini har kunne.

Da rana aka ci kifi da dankali.
Tobiasz ya miƙa mata koren wake ƙwaya ɗaya, a matse,
ta karɓa da hannu biyu
kamar an ba ta makullin gari.

Ƙarfe ɗaya ta tashi. Rahoto zai zo, ta ce, a yi haƙuri.
Ta sauka daga matakala, ta buɗe laima,
sai na hango a bayan kwat ɗinta
wani tauraro ruwan ɗorawa, na takarda, a karkace,
irin wanda nake liƙa wa wanda ya cinye abincinsa.
Nuala tana gefena, ta ɓoye hannu a baya.

Ban kira ta ba.
Na bar ta ta gangara titi da makinta.

Na rufe ƙofa. Hamish ya ɓata ƙunzugu,
kunu ya bushe a kan fayil,
kuma saura minti goma a kwanta barci.