Ɗinki a Kan Ruwa

Ƙafar da ta taka keken ɗinki
shekara goma sha tara a Obalende
ban san inda aka kwantar da ita ba.
Kwantena ce ta sulluɓo daga bayan tirela a Ojuelegba,
ta zaɓi ta dama.
A Igbobi aka auna dungun da tef irin nawa.
Na ce wa matar, “Ƙara rabin inci, saboda kumburi.”
Ta harare ni, ta ƙara.

Daga nan sai sannu.
Sannu a masallaci, sannu a bakin danfo,
sannu daga wanda nake bi kuɗin riga uku.
Na ci sannu har ina gyatsarta.

Sewanu ne bai ce ba.
Mutumin Makoko, ya kawo wando a rage masa tsawo,
ya ƙwanƙwasa ƙafar robar kamar mai taya kwalekwale,
ya ce, “Tela, ka iya ruwa?”
Na ce, “Na iya sha.”

Ranar Asabar, ƙasan gadar Falomo.
Ga wata yarinya an ɗaure mata kujera a kan allo,
tana yi wa mai inji tsawa ya ƙara wuta.
Ga wani dattijo mai hannu ɗaya,
igiyarsa maƙale a ƙirji,
yana cin gyaɗa yana jiran layi.
Babu wanda ya dubi gwiwata.

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa zai kama.
Ni igiya aka miƙo mini.
Allo biyu a ƙafa, rigar ceto mai warin man fetur,
Hansatu ’yata a cikin jirgi ta toshe baki da mayafi.

Inji ya yi tari, igiya ta miƙe,
na sha Legas ta hanci.
Na biyu, ta kunne.
Na biyar, ƙafar robar ta ce ta gaji da ni,
ta tsinke maɗauri, ta kama hanyar Apapa ita kaɗai,
yara biyu suka bi ta da ƙaramin kwalekwale
suna ihu da yarensu.
Wallahi rabona da irin wannan dariya
tun ina da takalma biyu.

Sewanu ya cire allo ɗaya, ya jefa cikin jirgi.
“Ƙafa ɗaya, allo ɗaya. Lissafi ya fita.
Kada ka ja igiya. Bari ta ja ka.”

Na durƙusa cikin ruwa, gwiwa a ƙirji.
Na bari.

Sai ga ni a sama.
Ruwan da ke haɗiye ni ya yi tauri kamar tebur,
allon na tsaga shi, ƙyat, kamar almakashi a sabuwar shadda.
Igiya zare, ni allura,
farin kalmasa yana bin bayana
daga nan har gindin gada.
Babban yatsan da ba ya nan,
mai tashe ni da ƙaiƙayi ƙarfe biyun dare,
shi ma ya ji iska, ya yi shiru.

Na waiga sau ɗaya.
Inda na yanka ya riga ya haɗe, babu tabo.
Waigen ne ya kayar da ni.

Minti ɗaya da rabi, in ji Sewanu.
Hansatu ta ce ƙarya ne, ya fi.
Tana rungume da ƙafar, tana share mata gishiri da bakin zane.

Litinin na buɗe shago.
Keken yanzu da lantarki yake tafiya, in an kawo wuta.
Wani ya leƙo, ya ce, “Sannu, Malam Tasi’u.”
Na karkata kai na amsa,
ruwan Asabar ya ɗigo daga kunnena, da ɗuminsa.